Makunnin da Bai Ga Hajiya Ba

Aikin wuta wahala ce tsagwaronta. Shekara ashirin da wani abu ina hawa tsani ina sauka a garin Garwa, gwiwar dama ta tafi, yatsuna biyu ba sa bambance zafi da sanyi saboda jan da kuran, wato wutar lantarki, ya sha yi musu. Ku kuwa yaran yanzu, sai ku kalli bidiyon minti uku a waya, ku sayi turnabis na kwance ƙusa da testa na gwada wuta, shi ke nan an zama mai gyaran wuta. Kwanan baya wani ya tsaya a kaina ina ɗaura makunni mai ido, irin wanda ke kunna fitila da kansa in mutum ya gifta, ya ce, "Baba Sale, wannan ai waya uku ce kawai." Gaskiyarsa, waya uku ce. Waya ukun nan saura ƙiris ta mai da ni gonar auduga a Tuboro.

Wajen Malam Yakubu na koyi aiki, a unguwar Yelwa, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur ban taɓa waya mai rai ba. Bango nake fasawa da guduma, in binne tiyo, in kwaɓa siminti in toshe, in share ƙura kafin matar gida ta yi magana. Malam ba ya koyarwa da baki. In ka yi daidai shiru, in ka yi kuskure ya miƙo maka guduma. Akwai ranar da na wuni ina aiki a wani ɗaki, ya zo ya tura ƙyaure, ƙyauren ya rufe makunnin da na ɗaura. Ya buɗe ya rufe sau uku yana kallona. Na fasa na sake.

Ba ya yawo da abin awo. Sandar gora ce da shi, ya yi mata tsaga da wuƙa daidai ƙirjin mutum, nan ne mazaunin makunni. Ka jingina ta da bango, ka ja layi da gawayi, ka fasa. Da ƙarfinsa ya ƙare ya daina fita, ni ya ba sandar. Duk gidan da na yi wa waya, daga cikin gari har Ngong, da ita na auna, kuma ba wanda ya taɓa cewa makunnina ya yi sama ko ya yi ƙasa.

Sai shekarar da shagon wani tela ya ƙone a kasuwa, kwana goma bayan na yi masa waya. Abin da ya faru shi ne, bayan tafiyata ya jona wata siririyar waya da kansa, ya ɗora mata dutsen guga biyu. Na ga guntunta da idona a cikin toka, ba irin tawa ba ce. Wa zai tsaya ya saurare ni? Kafin sati ya zagayo sunana ya koma Sale Gobara. Akwai dalbejiya a gaban shagon kayan wuta, a gindinta mu masu gyara muke zama a kan benci, mai neman a yi masa aiki ya zo ya ɗauki wanda yake so. Na kusa shekara a bencin nan. Mutum zai zo ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya ɗauki na kusa da ni. Abokan zama kuwa, in ɗayansu zai kunna taba sai ya miƙo mini ya ce, "Gobara, ɗan taɓa mini nan, ashana ta ƙare."

Yayan matata, Isuhu, noman auduga yake a Tuboro. Ya aiko sau biyu, na uku ya zo da kansa. Ya ce, "Kai Sale, ƙanwata ba za ta ci inuwar dalbejiya ba. Ka biyo ni kafin ruwa ya sauka. Akwai fili, akwai fartanya." Ban yi masa gardama ba, ba ni da bakin yi. Muka tsayar da magana: yana da hidimar sati biyu a gari, in ya gama, ranar Juma'a da safe mu hau mota tare, iyali su biyo baya. Na ce sai dai in wani aiki ya tsaya mini kafin nan. Ya yi dariya ya ce to, Allah ya kawo.

A cikin kwanakin nan Alhaji Bakari ya zo. Dillalin shanu ne, Bafulatani, dogo, ba ya magana biyu in ɗaya ta isa. Ya sayi makunni mai ido a shagon, mai shago ya gaya masa duk cikinmu ni kaɗai na taɓa ɗaura irinsa, a gidan wani likita. Ya tsaya a gabana ya ce, "Kai ne Sale?" Bai ƙara ɗayan sunan ba. Na ɗauki jaka da sanda na hau bayan babur ɗinsa.

Wurin aikin wani lungu ne a can cikin gida, tsakanin ɗakin mahaifiyarsa da bayinta. Tsawonsa taku shida, faɗinsa kuwa in ka buɗe hannuwa ka taɓa bango da bango. Da sarari ne, da aka ƙara gini aka rufe shi da kwano, babu taga, ko da rana tsaka duhu ne. Kafin in shiga an yi magana, mata sun kauce, Hajiya tana wani ɗaki a gefe an saki labule. Haka ake yi, mai gyara ba ya ganin matan gida, ni ma ban nema ba.

Na ga fitila, na ga makunni lafiyayye a tsakiyar lungun. Na ce, "Alhaji, wannan ai yana aiki."

"Hannunta ba ya kaiwa."

"A bar ta a kunne mana."

"Ba ta yarda. Ta ce ɓarna ce."

"Tocila fa?"

"Ba ta riƙe tocila." Ya ɗaga kai yana kallon kwano.

Na ɗauka tsufa ne, kafaɗa ta riƙe, hannu yana rawa. Ban ƙara tambaya ba. Ba a tsare mutum da tambaya a kan uwarsa, balle Bafulatani.

Na sauke disjonkter, wato babban makunnin gida, duk da haka na taɓa waya da testa, don na sha shiga gidan da wani gwani ya ƙetare disjonkter ɗin. Na cire tsohon makunni. Waya biyu ce a ciki, mai kawo wuta da mai kai ta fitila. Mai ido yana son ta uku, wadda muke kira netir, don shi kansa yana ɗan cin wuta ko fitila tana kashe. Wannan ne bidiyo ba ya nuna muku. Na hau tsani na lalubo ta a akwatin haɗi can kusa da rufi, kwano yana gasa mini ƙeya, na zuro ta cikin tiyo da ƙyar. Na jingina sandar Malam, ramin tsohon makunni ya faɗo daidai tsaga. Na ce alhamdu lillahi, yau babu fasa bango. A ƙarƙashin murfin akwai 'yan ƙusoshi uku da ake murɗawa: ɗaya na daɗewar fitila a kunne, ɗaya mai hoton rana da wata don ka zaɓi ta kama kullum ko sai da duhu, ɗaya na kaifin ido. Na saita su. Na mai da wuta na jira minti guda, don in wuta ta dawo sai ya kunna kansa tukuna kafin ya natsu, abin da ke sa wasu su ce akwai aljani a ciki. Da ya natsu na fita na shigo, fitila ta kama. Alhaji ya fita ya shigo, ta kama. Ya ce, "Useko," wato na gode da Fulatanci. Ranar da nama na koma gida.

Bayan kwana uku ya dawo gindin dalbejiya. "Daada ta ce ba ya kamawa." Haka yake kiran mahaifiyarsa. Kowa a benci ya miƙe kunne. Na bi shi. Na shiga lungu, ta kama. Ya shiga, ta kama. Ya tambayi matarsa ta bayan labule, ta ce ita dai duk shigar da ta yi yana kama mata. Na ce to zafi ne. Idon nan ba irin namu ba ne, ɗumin jikin mutum yake ji in ya motsa. A bazarar Garwa kuwa, a ƙarƙashin kwano, bango da mutum zafinsu ɗaya, sai ido ya rikice. Wannan ba ƙarya na shara masa ba, yana faruwa. Na murɗa kaifin ido har ƙarshe, na goge fuskarsa da hula, na tafi ina ganin na yi dabara.

Zuwansa na uku ranar Alhamis ne, gobe motar Tuboro. Ko sauka daga babur bai yi ba. Ya ce kunama ta harbi Hajiya a hannu a cikin lungun, jiya da azahar, za ta je alwala. An yi magani, da sauƙi. "Ta ce tun da aka sa abin nan bai taɓa kama mata ba ko sau ɗaya. Ni ban san aikin wuta ba, amma uwata ba ta ƙarya. Zo ka cire shi ka mai da na da." Wani daga benci ya ce, "Gobara, yanzu kuma duhu kake sayarwa?" Na ɗauki jaka. A hanya ina tunanin wa zan bar wa tsani.

Na sauke disjonkter, lungu ya yi baƙi ƙirin, na kama tocila da haƙori na fara kwance murfi. Ƙusa ɗaya ta suɓuce ta faɗi. Na durƙusa, na kwantar da tocilar a ƙasa don haske ya bi daɓe. A nan na ga abin da na yi ta takawa ban gani ba. Simintin yana da hanya, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar bayi, sumul tana sheƙi kamar an shekara ana goge ta da zane. A jikin bango, ƙasa da gwiwata, ga layin shatin hannu, tafi bayan tafi. A bakin ƙofa kuma silifa ce guda ɗaya, ba dunduniyarta ce ta cinye ba, tsakiyarta ce, inda tafin hannu ke dannawa. Hannu ɗaya a bango, ɗaya a cikin silifa. Da wanne za ta riƙe tocila? Ga kuma yadda aka yi kunama ta same ta a hannu, ba a ƙafa ba.

Shi idon makunni ganinsa shimfiɗe yake kamar faifai, yana fita daga bango daidai tsayin da ka ɗaura shi. A ɗaki mai faɗi yana sunkuyawa ya kai ƙasa can gaba. A lungu mai ƙunci irin wannan, kafin ya sunkuya ya ci karo da ɗaya bangon. Duk abin da bai kai ƙugu ba, a wurinsa babu shi. Na san wannan sarai, a jikin kwalinsa ma an zana. Amma ni da Alhaji da matarsa duk a tsaye muka gwada.

Ban cire ba. Na mai da murfi, na je na ɗaga disjonkter. Alhaji yana zaure yana waya da wani a kan shanu. Na dawo na zauna a ƙasa a ƙofar ɗakin, na jira fitila ta mutu, na sa hannu ɗaya a bango na ja jiki. Duhu. Na ja har ƙofar bayi na juyo. Duhu. Ban taɓa jin daɗin duhu irin na ranar ba.

Sai murya daga bayan labule, da Fulatanci, siririya amma da kaifi: "Wane mara kunya ne yake kwaikwayon tafiyata?"

Na ce a raina yau ko Tuboro ta yi mini kusa. "Hajiya, ki yi haƙuri, mai wuta ne. Hanya nake aunawa."

Can ta ce, "Ya kama maka?"

"Bai kama ba."

"A'a! Ashe ba ni kaɗai ya raina ba." Ta yi dariya har da tari. "Kwana da kwanaki ina faɗa, suna kallona kamar na zautu. Matar gidan nan har cewa ta yi a kai ni a duba mini ido. Sake ja in ji."

Na sake ja.

"Kai, ɗan nan, tsere kake yi? Ni ban kai rabin wannan ba. Kuma ka manne da bangon dama, can nake bi. Na hagu kaushi gare shi, yana cin hannu."

Ina cikin ja na uku Alhaji ya shigo. Fitila ta kama masa. Ya same ni zaune a ƙasa, ƙura har gemu, hannuna a kan shatin hannun uwarsa. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya kau da kai. Ban ce masa me ya hana ka gaya mini ba. Ba a faɗin haka. Mutum ya gwammace ya sayi makunni goma da ya buɗe baki ya ce wa baƙo uwarsa ba ta iya tsayuwa, kuma shi a ganinsa abin da aka ce yana da ido ai ya ga kowa. Na ce, "Alhaji, laifina ne, na ɗaura shi sama da yawa. Ka ba ni zuwa la'asar." Hajiya ce ta amsa daga ciki: "Kai, ƙyale shi ya yi aikinsa. Duk gidan nan shi ne ya fara zama ƙasa ya duba."

Fasa bangon da na guje wa, sai da na yi shi. Na ja layi daga ramin sama zuwa ƙasa, na tsaya taƙi biyu daga daɓe. Bulon gidan na siminti ne mai kyau, guduma tana tashi kamar ta dawo mini a goshi. Na binne tiyo, na zura waya uku, na haɗa su a ramin sama na rufe shi da murfi, na zaunar da makunni a sabon wurinsa, na kwaɓa siminti na shafe. Sannan na koma ƙasa. Ina ja tana gyara mini ta bayan labule, rage, ƙara ragewa, tsaya ka huta a tsakiya, ni ina hutawa a nan. Da na tsaya hutun fitila ta mutu a kaina, na gane lokacin ya yi kaɗan, na ƙara shi. Muka yi haka har sai da na je na dawo da irin tafiyarta haske bai ɗauke ba. Wandona ya huje a baya, ban sani ba sai a gida.

Na ce, "Hajiya, abu ɗaya. Tun da ya sauko ƙasa, ko kyanwa ta gifta zai kama."

"Kyanwa ma baiwar Allah ce, ta ga gabanta. Amma kar ya daɗe mata."

Na share ƙura, na duba kowane saƙo da tocila ko kunamar tana da 'yar'uwa, na fita zaure. Aka kira la'asar. Muka yi salla ni da Alhaji, ya shiga ciki, ni kuma na zauna da jaka a rufe a gabana. Gwajina ba gwaji ba ne sai mai lungun ta bi shi da kanta. In bai kama mata ba, na gama magana, gobe in hau mota. Na daɗe ina kallon ƙofa. Can ya fito, ya zauna, ya gyara hula.

"Ta je ta dawo."

"Ya kama?"

"Zuwa da dawowa. Ta ce in gaya maka har yanzu ka fi ta sauri."

Shi ya mai da ni gindin dalbejiya da kansa. Ina sauka wani ya ce, "Gobara, an ciro kayan?" Alhaji bai ko dube shi ba. Ya ce, yadda benci duka zai ji, "Malam Sale, ina da ɗakuna huɗu a bayan kara, inda muke cinikin shanu, ba a yi musu waya ba. Gobe da hantsi ina can." Ya ja babur ya tafi. Sunan bai mutu ba, kada in yi muku ƙarya, har yau akwai masu kirana da shi. Sai dai yanzu in sun kira, aiki suke biyo shi da shi.

To ku masu waya uku, ku ji. Haɗa makunnin nan ko makaho aka nuna wa sau biyu zai yi. Kada ya fuskanci taga, kada ya fuskanci labulen da fanka ke kaɗawa, wannan ma kwana ɗaya ake koya. Abin da ba za a gaya muku ba shi ne wa zai bi wurin, kuma yaya yake bi. Mai gida ba zai faɗa ba, ba don mugunta ba. Ni tun daga ranar, duk gidan da aka ce fitilar tsoho ce ko ta mara lafiya, ba na tambaya. In kashe wuta, in kwantar da tocila a ƙasa, in duba daɓe da bango. Suna faɗin abin da ɗa ba zai iya faɗa ba.

Washegari, Juma'a, na je tasha da sassafe. Isuhu ya riga ya kama mini kujera kusa da taga, ya aza hularsa a kai. Na ɗauke hular na miƙa masa, tare da ƙullin yajin da ƙanwarsa ta ce a kai gida. Ya dubi jakar aiki a kafaɗata ya ce, "Aikin ya tsaya ke nan?" Na ce ya tsaya, a gai da mutan Tuboro. Na jira har motar ta cika ta tashi. Sannan na ari wuƙa wurin mai shayi, na auna taƙi biyu daga gindin sandar Malam, na yi mata tsaga ta biyu, na mai da wuƙar, na kama hanyar kara.